Jajen da Ya Jawo 'Yan Sanda

Hajiya Rahina ta yi shekaru tana koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata a Zariya kafin ɗanta ya ɗauko ta zuwa Greensboro, wai ta zo ta huta. Hutun bai karɓe ta ba. Wanda ya saba tsayawa gaban aji, in ka ajiye shi a falo shi da talabijin, ciwo ka ba shi. Sai ta yi ɗan kwas na kula da tsofaffi, kamfani ya tura ta wurin wata dattijuwa Bayahudiya mai suna Zelda Aronson, a wani ƙaramin gida a Glenwood da ɗalibai 'yan haya suka kewaye da kekunansu da kiɗansu.

Ranar farko Zelda ta dubi hijabin Rahina, Rahina ta dubi kyandirorin da ke kan teburin Zelda, kowa ya haɗiye tambayarsa. Kafin wata ya zagayo sun gano cewa dukansu mazansu sun rasu, dukansu ba sa cin alade, kuma kowace tana da ɗa guda mai son ba da oda ta waya. Na Zelda sunansa Leonard, lauya ne a Charlotte. Idan ya kira, Zelda takan rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce wa Rahina gwamna ne a layi.

Kowace Asabar Rahina ce ke kai ta majami'arsu, wani ɗan gini na jan bulo wanda yawancin masu zuwansa sun haura saba'in. Takan zaunar da ita, ta koma benci a baranda tana jan carbinta har a tashi. A bakinta wurin sunansa masallacinsu, dattijon da ke jan ibadar kuma, wani tsohon malamin lissafi mai suna Gershon, limaminsu.

Mijin Zelda, Mendel, bara ya rasu. Ranar cikarsa shekara tana matsowa, kuma a al'adarsu akwai addu'ar da ake miƙewa tsaye a yi wa mamaci a wannan rana. Ba a yin ta a ɗaki kai kaɗai. Sai a cikin jama'a, sai mutum goma sun hallara. Zelda, wadda ko banɗaki ba ta zuwa sai da sandar turawa, mai ƙafa huɗun nan da tsofaffi ke dogarawa, ta sa Rahina tana tsayar da ita kullum da hantsi a jikin teburin kicin, tana gwada ƙafafunta, don ranar kada su ba ta kunya.

Ana cikin haka aka wayi gari an jefa bulo ta tagar majami'ar, an zana alamar 'yan Nazi da baƙin fenti a ƙofa. Bayan kwana biyu wani ya bar saƙo a wayar ofishin, ya ce wata Asabar zai zo da bindiga. 'Yan sanda suka zo suka ɗauki hoto, suka ce suna bincike. Mutane suka fara janye jiki. Leonard kuwa ya kira, ya ce muddin babu ɗan sanda a ƙofar nan uwarsa ba za ta sake taka ta ba, ya kuma sanar da kamfanin Rahina haka. Majami'ar ba ta da ƙarfin ɗaukar mai gadi. Rufinta ma yoyo yake yi.

Zelda ba ta yi kuka ba. Ta dai daina miƙewa a jikin teburin. Da Rahina ta ce su gwada, sai ta ce, “Don wa? Mendel ya jira ni shekara hamsin a mota ina neman jakata. Zai iya ƙara jira.” Ta juya fuskarta ga bango.

Abin ya tsaya wa Rahina a rai. Ranar Lahadi matan Hausawa suka taru kamar yadda suka saba a gidan Alhaji Abdulhamid, shugaban ƙungiyarsu, can Pleasant Garden inda akwai filin ajiye motoci da na guje-gujen yara. Tana cikin yankan albasa ta ba su labari. Tchima, wata 'yar Maraɗi mai sayar da turare da atamfa, ta ajiye wuƙa ta tambaya ko an je musu jaje. Rahina ta ce ba ta ji ba.

“Bon, to mu wane irin mutane ne?” in ji Tchima da ɗan Faransancinta na Maraɗi. “A jefi gidan ibadar mutane, kina cin abinci ta dalilin tsohuwarsu, ko sannu?”

Bebi, ƙaramarsu, mai aikin nas a asibiti, ta ce ita dai a bar ta da zoɓo, don masar Tchima ko an jefi taga da ita sai ta fashe. Tchima ta ce uwar mijinta ma haka ta ce, kuma ta cinye kwano guda.

Babu wadda ta kawo maganar a buga waya tukuna. Wa ke neman izinin zuwa jaje? Biki ake gayyata. Gobara ko rasuwa ko ɓarawo ya shiga, ji kawai kake ka saka takalmi. Wanda ya kira ya ce “in zo?” ya riga ya faɗa maka ba ya son zuwa. Da wannan tarbiyya aka raine su, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai kowace tarbiyya da ƙasar da ta san hanyoyinta.

Suka zaɓi Asabar da safe, don ranar ce Rahina ta san ana samun mutane. Su biyar a doguwar motar Tchima mai baƙin gilas, wadda take ɗaukar kaya da ita. Duk sun sa manyan hijabai masu duhu, tunda ba biki za su ba. Tchima, da fakin bai taɓa zama gwanintarta ba, ta gicciye motar daidai bakin ƙofar shiga. Bebi da wata suka kinkimo babbar kular masa, an ɗaure ta da zani don kada ta huce, suna nishi saboda nauyi.

Ƙofa a kulle. Rahina ta danna ƙararrawa, ta yi murmushi ga 'yar kyamarar da aka maƙala a sama, ba ta tuna cewa rana tana bayanta ba, fuskarta duhu ce kawai a cikin mayafi. Da ba a amsa ba Tchima ta ƙwanƙwasa da ƙarfi, ta zagaya ta leƙa tagar da aka toshe da katako. Daga ciki waƙar ibadar da suke jiyowa ta yanke. Fitilu suka mutu.

Bebi ce ta fara fahimta. Ta ce, a hankali, “Anti, mu ajiye kular nan mu matsa.” Ba su kai ga matsawa ba motocin 'yan sanda suka shigo layin.

Ba a yi musu wulaƙanci ba, gaskiya. An ce su nuna hannayensu, suka nuna. An tambayi abin da ke cikin kular, Tchima ta ce wa ɗan sandan, da take kira jandarma, ya buɗe ya gani da idonsa, Bebi ta taka mata ƙafa ta yi bayani da Turancin asibiti. Wata 'yar sanda ta kwance zanin da kan yatsa, ta ɗaga murfin, tururi da ƙamshin masa suka bugi fuskarta. Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta yi magana a rediyonta.

Sai can aka buɗe ƙofa. Gershon ya fito da mayafin ibadarsa a karkace a kafaɗa. Da ya gane Rahina ya dafa bango. A bayansa ta hango sauran: tsofaffi ne da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, suna fitowa daga ɗakin ajiyar kujeru inda suka ɓuya. Wata tana riƙe da takalminta a hannu. Wani dattijo dogo, wanda kullum yake gaishe ta da ɗaga hula, wandonsa ya jiƙe har gwiwa, yana tsaye bai san inda zai sa kansa ba. Rahina ta cire ƙaramin mayafin da ke kafaɗarta ta miƙa masa kamar ba ta ga komai ba, ta tsaya tsakaninsa da idon mutane har ya shige banɗaki.

Aka ba juna haƙuri har abin ya zama kamar gasa. Gershon ya ce ba su taɓa samun baƙin da suka zo musu da alheri irin wannan ba, kuma ya rantse ba gatse yake yi ba. Masar ma ba su iya ci a wurin ba saboda dokokin abincinsu. 'Yan sanda aka ɗiba wa. A mota Tchima ta ce, “Mu da muka je share hawaye.”

Kafin la'asar labari ya isa Charlotte. Leonard bai ji masa ba, bai ji jaje ba. Abin da ya ji shi ne 'yan sanda sun sake cika ƙofar majami'a. Ya ce magana ta ƙare. Ya kuma tambayi kamfani ko ya dace a bar wa uwarsa ma'aikaciyar da ta jawo wannan. Da Zelda ta ji, ita ce ta ɗauki waya ta ce masa in ya taɓa Rahina, ita Zelda za ta koma gidansa da zama, ita da kyanwarta. Bai sake tayar da maganar ba. Amma ta majami'a tana nan daram.

Alhaji Abdulhamid ya kira Rahina da yamma, tun dare bai yi ba, bayan ya sha shayinsa. Mutum ne mai hankali, ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota a ƙasar nan ba a taɓa tsayar da shi ba, kuma yana ganin sirrin hakan shi ne kada a san da kai. Ya ji cewa Gershon zai je majalisar birni ya roƙi a riƙa ajiye ɗan sanda a ƙofarsu ranakun ibada, ya kuma ji cewa Rahina ta ce za ta bi shi. Ya ce baƙo idonsa ke gani, bakinsa a rufe. Ya ce ta tuna akwai yaranmu masu takardun karatu da ba sa son a haska su. Daga ƙarshe ya sauke murya ya ce, “Kuma Hajiya, kina kallon labarai. Kin ga abin da ake yi a Gaza. Me mutanenmu za su ce in suka gan ki a can?”

Rahina ta san ba ƙaramar magana ya faɗa ba. Ta yi kukan yaran Gaza a kan sallayarta har idonta ya kumbura, ta tura abin da ta iya turawa. Ta ce masa haka. Sannan ta ce, “Alhaji, wanda ya jefa bulon nan bai tsaya ya tambayi Zelda ra'ayinta kan Gaza ba. Ni na tambaye ta, mun yi musu, mun yi kuka, na dafa mata shayi. Shi kuwa mai fentin, kana jin in ya gama da ƙofarsu zai wuce tamu ya yi sallama?”

Ya ce Allah ya kyauta. Ta ce amin, amma Allah ya ba su majalisa a garin nan, kuma bas yana zuwa ƙofarta.

An daɗe ana cewa baƙo ba ya shiga faɗan 'yan gari. Masu faɗin haka ba su taɓa cewa sai bayan shekara nawa mutum ke daina zama baƙo ba, ga shi ana cire masa haraji tun albashin farko.

Ranar zaman majalisa Rahina ta hau bas daga East Greensboro, Bebi ta same ta a can da kayan aiki a jikinta. Zauren ya fi yadda ta zata sanyi da haske. Ana kiran suna, mutum ya tsaya gaban makirufo ya yi 'yan mintoci, fitila ta canja launi ya sauka. Aka yi maganar shara, aka yi ta ramukan titi. Gershon ya tashi ya karanta roƙonsa da muryar malamin lissafi, tsaf, babu gishiri. Bayansa wani mutum mai jar riga ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma taga ɗaya ce ta fashe, babu wanda ya ji ciwo, kuma in aka ba waɗannan ɗan sanda gobe kowa zai zo neman nasa. Wasu suka gyaɗa kai. Rahina ta lura cewa ba mugaye ba ne masu gyaɗa kan. Maganar ce take da kamar hankali.

Da aka kira ta, sunan ya fito a murguɗe har sai da Bebi ta zungure ta. Ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta tsaya yadda take tsayawa gaban aji. Ta faɗi sunanta daidai, ta ce ita Musulma ce daga Najeriya, kuma ita ce matar da aka kira wa 'yan sanda a majami'ar nan kwanakin baya.

Ta ba su labarin yadda yake, ba ta rage wautarsu ba. Ta ce a ƙasarsu in masifa ta sami maƙwabci ba a buga waya, zuwa ake yi da abinci. Ta kwatanta motar Tchima da kular da aka ɗaure da zani, har wasu suka fara dariya. Ta bar su suka gama. Sannan ta faɗa musu abin da ta gani da aka buɗe ƙofa: tsofaffin da suka koyar da 'ya'yan garin nan, suka yi musu allura, suka sayar musu da takalma, suna fitowa daga bayan kujeru. Ba ta ambaci dattijon dogo ba.

“Maigidan nan ya ce babu wanda ya ji ciwo,” ta ce. “Ni aikina kula da tsofaffi ne, kuma ina gaya muku na ga ciwo ranar nan. Mata biyar da abinci suka sa su ɓuya. Da akwai ɗan sanda ɗaya a ƙofar, da ya tambaye mu me muka kawo, mu nuna masa, su kuma su ci gaba da addu'arsu. Ba bindigarsa suka fi bukata ba. Suna bukatar wanda zai duba ƙofa a madadinsu, don su iya juya mata baya.”

Fitila ta canja launi. Ta ga ta canja, ta ƙara da cewa ta fito daga ƙasar da aka kai lokacin da sai an lalube mutum kafin ya shiga sallar Juma'a ko cocin Lahadi, kuma can ma da fenti da jifa aka fara, ana cewa yara ne. In gobe wasu sun zo neman nasu ɗan sandan saboda an yi musu barazana, to a ba su; ai aikin hukuma na farko kenan, kafin shara. Akwai wata tsohuwa a Glenwood, in ji ta, da ke son ta miƙe tsaye ta yi wa mijinta addu'a cikin mutanenta, kuma ranar ta kusa. Ta yi godiya ta sauka.

Majalisa ba ta yanke komai a ranar ba. Aka miƙa maganar ga kwamiti, kamar yadda hukuma ke yi a ko'ina a duniya in abu ya yi zafi a hannu. Rahina ta fito tana jin ta zubar da ruwanta a rairayi. A bakin ƙofa wani babban jami'in 'yan sanda ya tsayar da Gershon, suka yi magana a gefe. Gershon ya dawo ya ce mata kafin kwamiti ya gama, za a riƙa ajiye mota guda a ƙofarsu kowace Asabar da safe. Na wucin gadi ne, ya ce, kada ta ɗauka an ci nasara. Ta ce a shekarunsu ita da shi komai na wucin gadi ne.

Leonard ya kalli zaman a intanet. Bai kira Rahina ba, ba irinsa ba ne. Uwarsa ya kira ya ce zai zo da kansa ya kai ta, kuma in bai ga motar 'yan sandan da Gershon ya ce za a ajiye ba za su juya. Washegari da hantsi Rahina na wanke kofuna ta ji ƙarar sandar turawa a bayanta. Zelda ce ta kama gefen teburi.

“Tsaya kusa,” ta ce. “Kada ki riƙe ni sai na ce.”

Ranar ta zo da ɗan yayyafi. Motar 'yan sanda tana nan a gefen titi, wani matashin jami'i a tsaye yana gaida masu shiga. Leonard ya rage gudu, ya dube shi, ya dubi ginin, ya yi fakin. A ciki mutane ba su cika ba, amma an buga wa juna waya, an zo. Gershon ya bi su da ido yana ƙirgawa a leɓe, da goma suka cika ya gyaɗa wa Zelda kai. Matarsa, wadda Zelda ba ta taɓa yarda ta ga gazawarta ba, tana zaune a gefe. Dattijon dogo na can layin gaba. Da ya ga Rahina ya taɓa hularsa.

Rahina ta nufi bencinta na baranda, Zelda ta riƙe mata hannun riga. Leonard ma zai miƙe don ubansa, in ji ta, kuma shi bai iya riƙe mutum ba, ja yake yi. Rahina ba ta taɓa wuce bakin ƙofar zauren ba. Ta duba zuciyarta ta ga ba ibada aka kira ta ba, gwiwar hannu aka ce ta tallafa, kuma wannan aikinta ne. Ta shiga ta zauna a gefenta.

Da lokacin ya yi Zelda ta dafa kujerar gaba ta yunƙura. Sau ɗaya ta koma, na biyu ta miƙe. Ta fara karantawa da wata murya siririya da Rahina ba ta san ta da ita ba, ɗanta na bin ta a baya yana tuntuɓe a kan kalmomin. A wasu gaɓoɓi jama'a sukan amsa gaba ɗaya, su yi shiru, ta ci gaba. Rahina ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Abin da ta sani shi ne nauyin da ke sauka a tafin hannunta yana ƙaruwa, ƙafar hagu ta fara rawa, kuma saura kaɗan. Ta matsa kusa har kafaɗarsu ta haɗu.

Zelda ta kai ƙarshe a tsaye. Ta ɗan jima haka bayan kowa ya yi shiru, idonta a rufe. Sannan ta karkato kai ta ce a kunnen Rahina, “Yanzu zaunar da ni, kafin in faɗi a gaban matar Gershon.”